Littafin aikin ambaliya: caji ofis da mutanen gari a kwarin Haɗeja, daminar 2024

Wannan littafi ne na kwamitin haɗin gwiwa tsakanin caji ofis da mutanen wani ƙaramin gari a bakin kogin Haɗeja, Jihar Jigawa. A cikin kwamitin akwai DPO (shugaban caji ofis), wakilin hakimi, masu unguwanni, limamin Juma'a, sarkin ruwa, shugaban 'yan sintiri, duba-gari, jami'in asibitin gari, arɗo, da mata biyu daga ƙungiyoyin unguwa. An cire sunayen mutane da na unguwanni.

Litinin, 12 ga Agusta

Zama na farko. Hasashen ambaliya da hukumar NIHSA, mai lura da ruwan koguna ta ƙasa, ta fitar tun watan Afrilu ya sa Jigawa cikin jihohin da ke da haɗari sosai, kuma ba wanda ya manta ambaliyar 2020 da ta 2022. Ruwa iri biyu ne ke cin garin nan, kuma ba shiri ɗaya ake musu ba. Na farko ruwan sama ne na Agusta, wanda ke kwanciya a kwari ya jiƙa gindin ginin ƙasa har ya zube. Na biyu ruwan kogi ne da ke gangarowa daga Kano, bayan kogin Kano da na Challawa sun haɗu, ya wuce Wudil da Ringim, ya iso nan yawanci a Satumba. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992, idan suka cika sai su tumbatsa, kuma kachala, doguwar ciyawar ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa, don haka ruwan ba ya wucewa da sauri, sai ya bazu gefe.

An kafa sandar awo a gindin gada, an yi mata zane da fenti kowane santimita 10, da jan zane a inda ruwa ya tsaya a 2022. Yaron sarkin ruwa zai duba da asuba, da azahar, da magariba, ya kira caji ofis, a rubuta a littafinsu. Abin da ake kallo shi ne saurin hawa, ba tsayin kawai ba.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, kuma kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana nan tun 1984, saboda haka ba a buƙaci sabon izini ba. An raba aiki: ɗan sanda ba zai rubuta sunan mai karɓar agaji ba, ba zai auna hatsi ba. Nasa shi ne tsaro da shaida.

Juma'a, 16 ga Agusta

An zagaya jinga, wato tudun ƙasar da ke tare ruwan kogi, da ƙafa. Wurare uku ne masu rauni: inda shanu ke haurawa zuwa mashaya, inda aka haƙi ƙasar gini a gindinta, da wani sashe mai ramukan gafiya.

Aikin buhu yana ɓaci ne a wajen cikawa. Matasa na son cika buhu dam su ɗaure baki, amma buhun da ya cika ba ya kwanciya, yana barin kafa tsakaninsa da ɗan uwansa. Ana cika shi rabi, ko kashi biyu cikin uku, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar bulo yadda gaɓa ba za ta hau kan gaɓa ba, a tattake kowane layi kafin a ɗora na gaba. Faɗin gindi ya zama ninki uku na tsayi. Wannan ne ke cin buhu: da ƙananan buhuna, tsawon mita 10 a tsayin santimita 30 na cin kusan 200, amma idan aka ce santimita 60 sai ya kai kusan 700. Duk mai yi wa jama'a alkawarin ƙara tsayin jinga ya fara yin wannan lissafin. Buhun taki da na shinkafa sun fi na siminti, kuma leda mai kauri a gefen ruwa tana rage yoyo sosai. Ƙasar cika buhu daga nesa za a ɗebo ta da amalanke, ba daga gindin jingar ba.

Talata, 20 ga Agusta

Matsalar da ta fi gafiya ita ce fartanya. Manomin da ruwa ya kwanta wa a gonar shinkafa yakan fito da dare ya sare jinga don ruwan ya fita, sai ya faɗa gonar maƙwabci ko ya nufi unguwa. Mai kamun kifi ma yakan buɗe ƙaramar kafa ya kafa mali, wato tarkon kifi. Kafar da ba ta wuce taki ɗaya ba da tsakar dare, kafin asuba ta zama hanyar jirgi. Rigimar ƙauye da ƙauye a kwarin nan sau da yawa daga nan take farawa, domin kowace jinga da ta tsare wani gari, wani garin take tura wa ruwa.

An raba jingar zango-zango. Kowane zango mutum shida: 'yan sintiri huɗu, manomi ɗaya daga gefen ciki, ɗaya daga gefen waje. Haɗa manoman biyu da gangan ne, kowa na tsaron ɗan uwansa. Ɗan sanda ɗaya a babur yana bin zangunan, yana sa hannu a takardar kowanne. Kayan aiki: tocila biyu, usur, shebur, buhu 30 a cike a ajiye. Busa uku a jere na nufin a kawo ɗauki.

An koya musu karanta yoyo. Idan ruwa na tsattsafowa a bayan jinga fari tas, a sa ido kawai. Idan yana fitowa da laka ko yashi, jingar ce ke cin kanta daga ciki. Ba a danne bakin wurin da buhu, don zai ɓulle ta wani gefen. Ana kewaye shi da zoben buhuna har ruwan ya taru a ciki ya daina kwaso ƙasa.

Wanda ke son a sauke masa ruwa daga gona ya zo wajen kwamiti da rana, a je a duba inda ruwan zai bi. Sankira ya zagaya da wannan: "Jama'a ku saurara, in ji Hakimi, in ji DPO: duk wanda ya taɓa jinga ba da sanin kwamiti ba, kotu zai je. Wanda ruwa ya matsa wa, ƙofa a buɗe take."

Asabar, 24 ga Agusta

Ruwan sama kwana da wuni. Gidajen ƙasa sun zube a unguwannin kwari, an buɗe makarantar firamare ta kan tudu. Mata da yara a azuzuwa, maza a baranda da masallaci. An nemi 'yar sanda mace daga ofishin yanki, tana kwana tare da matan Hisba biyu. Fitila mai aiki da hasken rana a hanyar banɗakin mata ita aka fara sa wa, kafin ta ƙofa.

Babban aikin yau shi ne rajista, kuma duk abin da zai biyo baya a kanta zai tsaya. Idan aka rubuta ta kafin a ji labarin mota na tafe, ana samun gaskiya. Idan aka bari sai kaya sun sauka, gida ɗaya sai ya haifi biyar.

Ana ƙirga tukunya, ba ƙofa ba. Gidan gandu mai zaure ɗaya yana iya ɗauke da tukunya huɗu, idan aka rubuta maigida kaɗai an zalunci uku. Kowane layi na ɗauke da sunan mai tukunya, yawan bakunan da ke ci, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mai ciki ko mai shayarwa, tsoho ko naƙasasshe, da irin asarar: ɗaki ya faɗi, ɗaki ya tsage, rumbu, gona, dabba. Waɗanda ke faɗuwa daga takarda kullum su ne zawarawa da matan da mazansu suka tafi ci-rani, saboda masu rubutu sun saba tambayar magidanci. Haka almajirai, haka 'yan haya, haka Fulanin ruga da ba sa ƙarƙashin mai unguwar cikin gari. An ba matan kwamiti shafin zawarawa, kowane malamin tsangaya ya kawo yawan yaransa, arɗo ya kawo na rugage.

Mai unguwa ba ya rubuta unguwarsa shi kaɗai. Malamin makaranta daga wata unguwa ne ke riƙe biro. Bayan la'asar a karanta sunayen da ƙarfi a ƙofar mai unguwa, a bar kwana biyu na ƙorafi, sannan a ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe, mutum uku su sa hannu. Kwafi uku: fadar hakimi, caji ofis, ƙaramar hukuma don miƙa wa SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha. Karatun a bainar jama'a ya fi kowane bincike, don babu mai iya ƙirƙirar mata ta biyu a gaban maƙwabtansa.

Alhamis, 29 ga Agusta

Ruwa ya yanke hanyar kasuwa, an koma kwale-kwale. Mutane ba su cika mutuwa a ranar da ruwa ya shigo ba. A makonnin fito ake rasa su. Sarkin ruwa ya auna kowane jirgi, an rubuta adadin mutanensa da fenti a gaba, an ja layi a jiki wanda dole ya kasance a saman ruwa bayan lodi. Babur ɗaya yana cin gurbin mutum biyu. Ba a haɗa shanu da mutane. Ba fito bayan magariba sai na mara lafiya, shi ma da tocila da matuƙa biyu. Rigunan ruwa ba su isa ba, don haka jarkoki masu murfi, babu komai ciki, an ɗaura su da igiya a gefen kowane jirgi.

Kurtu ɗaya a kowace mashiga ranar kasuwa. Haɗarin yana wajen dawowa, lokacin da kowa ke son jirgin ƙarshe da buhunsa. An kuma sa shinge a inda ruwa ke tsallake titi: ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota.

Talata, 3 ga Satumba

Kayan agaji na farko sun sauka: shinkafa, masara, man girki, tabarmi, gidan sauro. An ƙirga a gaban direba kafin a sa hannu a takardar kaya. Ganin yadda aka fasa rumbunan ajiya a wasu garuruwan Arewa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a farkon Agusta, an yanke cewa kaya ba za su kwana fiye da biyu a sito ba. Kwaɗo uku a ƙofa, makulli ɗaya wajen wakilin hakimi, ɗaya wajen jami'in ƙaramar hukuma, ɗaya wajen liman. Caji ofis na gadi, ba ya riƙe makulli. An liƙa yawan abin da ya zo a bangon masallacin Juma'a, domin jita-jitar an ɓoye tirela ta fi yunwa saurin tara mutane.

Rabon ya tafi haka. An raba kati mai lamba tun daren jiya, gida-gida, daga rajista. Fili mai ƙofar shiga ɗaya da ta fita ɗaya, an ja igiya. Ana kiran unguwa ɗaya a lokaci ɗaya, mutum 20 a ciki. Tsofaffi da masu ciki ne farko, layin mata daban. Da sassafe aka fara. Mudu ɗaya ake amfani da shi daga farko har ƙarshe, kowa na gani, ana share baki. Tukunya mai mutum ɗaya zuwa biyar kaso ɗaya, shida zuwa goma kaso biyu, sama da haka uku.

Inda aka samu cikas: wani mai bayar da taimako ya zo da motarsa ya tsaya a bakin hanya ya fara miƙa kaya da hannu. Cikin ɗan lokaci layin fili ya watse, an ture wata tsohuwa. Daga yau duk mai kawo taimako, ko ɗan siyasa ne ko attajiri, ta rajista zai bi. Yana iya tsayawa ya gani da idonsa. Kuma 'yan sintiri ba za su riƙe bulala a wajen rabo ba. Bulala tana sa na gaba su ja baya yayin da na baya ke turowa, a nan ake tattake mutum.

Laraba, 11 ga Satumba

Jiya madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, irin abin da ba a gani ba tun 1994. Katangar gidan gyaran hali ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka fita. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Wannan ya sa aka duba caji ofis ɗin kansa, wanda ke ƙasa da jan zanen sanda da kaɗan. An yi tsari a rubuce: idan ruwa ya rage santimita 30 ya kai jan zane, waɗanda ke tsare su ne farkon fita, zuwa ofishin yanki, kafin makamai, kafin littattafai. Makamai da harsasai a akwatin ƙarfe, a ƙirga wajen fita a ƙirga wajen sauka. Fayiloli da kayan shaida an naɗe su a leda an ɗora a kan kanta mai tsayi. Sel kuma a rage shi tun yanzu. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, kuma yankewar hanya ba ta soke wannan ba. Masu ƙananan laifuka an ba da belinsu ga masu unguwanninsu. Beli kyauta ne, an sake rubuta shi a allon ƙofa.

Asabar, 14 ga Satumba

Kogi ya kai ƙololuwa, jinga ta riƙe sai sashen mashaya, inda aka yi zobe biyu. Yara sun fara gudawa a sansani. Duba-gari ya karɓi jagoranci, 'yan sanda suka koma tsaron layin ruwa.

Ma'aunin da ake bi: lita 15 na ruwa ga mutum ɗaya a rana, masai ɗaya ga mutum 20, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. A ƙasar da ta sha ruwa ramin masai yana cika kafin a gama haƙa, don haka aka ɗaga su a kan tudun ƙasa. Ƙwayar kulorin mai miligiram 67 guda ɗaya ce a jarka mai lita 20, a jira minti 30. Idan ruwan ya yi gurɓi sai a fara kwantar da shi da alif a tace, don kulorin ba ya aiki a laka. Garin kulorin mai ƙarfi: giram 15 a lita 20 don wanke hannu, giram 30 a lita 10 don ƙasa da tabarma, giram 30 a lita ɗaya don amai da bayan gida. An rubuta a jikin kowane bokiti, saboda wanda ya wanke hannu da na ukun zai ƙone. Ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba yaro tun a hanya. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa ba ta jiran safiya.

Asabar, 21 ga Satumba

An fara cire kwanon rufi da ƙyamare a gidajen da aka bari. Wannan ne ke sa magidanta komawa kwana a ɗakin da ya tsage, don haka tsaron gidan da ba kowa ceton rai ne. Sintiri a jirgi, ɗan sanda ɗaya, 'yan unguwar biyu da suka san kowane gida. Masu sayen tsohon ƙarfe da masu gwangwan an tara su, an ce kada su sayi kwano, ƙyaure ko injin ban-ruwa sai da shaidar mai unguwa. Dabbobin da aka tsinta suna turke a ƙofar sarkin fawa, mai nema ya faɗi kama da shaida kafin ya gani.

An kama wani yaro da kwano, jama'a suka taru a kansa. Liman da saje ne suka shiga tsakani. An maimaita wa 'yan sintiri: kamu nasu ne, duka ba nasu ba ne, kuma a miƙa wanda aka kama caji ofis a daren, ba da safe ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ruwa na janyewa, makaranta na son azuzuwanta. Ba wanda zai koma sai magini da mai unguwa sun duba ɗaki. Ginin ƙasa yakan faɗi ko a lokacin bushewa, domin sama ta yi ƙarfi gindi na nan taɓo. Ana soka wuƙa a gindin bango. Idan ta shige ba wuya, ko akwai tsaga daga kusurwar taga zuwa ƙasa, ko azara ta saki, sai a yi jan gicciye a ƙofa. Soro mai nauyi a sauke ƙasarsa kafin a shiga. Wayar lantarki da ta faɗi a ɗauke ta a matsayin mai wuta har ma'aikatan kamfani su zo.

Macizai sun hau rumbuna da tarin kara. A taɓa da doguwar sanda kafin hannu. Wanda aka sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam. A kwantar da gaɓar a ɗauke shi zuwa babban asibiti.

Rijiyar da ruwa ya haura an rufe ta. Ana kwashe ta a hankali, kashi-kashi, don idan aka zuƙe lokaci ɗaya ƙasar gefe mai nauyin ruwa za ta rufta. Injin fetur a sama yake tsayawa, nesa da baki. Hayaƙinsa a cikin rijiya yana kashe mai haƙa ba tare da ya ankara ba. Bayan an kwashe laka, duba-gari ya zuba kulorin, a bar ta kwana ɗaya, a ja har warin ya ragu.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Tebur a ƙofar fada ranar kasuwa don waɗanda takardunsu suka lalace: katin zaɓe, takardar gona, sakamakon jarrabawa. Ana rantsuwa a kotu, caji ofis ya ba da takardar shaidar ɓata. Lambar NIN ana dawo da ita ta *346# a layin da aka yi rajista da shi. Wasu baƙi sun shigo suna sayar da fom na tallafi suna karɓar lambar BVN da ta sirrin kati. An yi shela, an kuma faɗa a huɗuba: suna a rajista ba a biyansa, kuma babu jami'in da ke tambayar lambar sirri.

Litinin, 28 ga Oktoba

Shanu na dawowa, burtali na ƙasa har yanzu taɓo ne, kuma gonakin tudu da suka tsira, gero da dawa da riɗi, su ne abincin garin na bana. An zauna da arɗo da sarkin noma. An buɗe hanyar wucin gadi ta gefen gonakin da aka riga aka girbe, an kafa turaku, masu gonakin sun amince a rubuce. Ba kiwon dare, ba yaro shi kaɗai da garke. Ɓarna idan ta faru mutum huɗu ne ke kimantawa a ranar, biyu daga kowane ɓangare, ɗan sanda na rubutawa. Ranar sakin dabbobi cikin gonaki hakimi ne zai sanar bayan an kwashe dawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sauran waɗanda ɗakunansu ke da jan gicciye suna cikin rumfuna a filin idi, kuma sanyi ya fara. Bargo da tabarma ne kan gaba a buƙatun da aka aika. An sake karanta rajista a unguwanni don ware manoman da suka rasa shinkafa, saboda irin alkama da taki na noman rani, kuma alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar watan nan zuwa farkon Disamba. Masu son sake gini a kwari an roƙe su su jira zaman fada kan filayen tudu. Wanda ya matsu ya ɗaga harsashi da bulon siminti sama da zanen da ruwa ya bari a bango.

Buhunan jinga rana ta fara cinye su, ba za su kai baɗi ba. Sashen mashaya na buƙatar ƙasa da daɓe da mahaurar shanu ta dutse. Aikin gayyar yankan kachala zai fara da zarar ruwa ya sauka zuwa ƙugu, a yanke ta ƙarƙashin ruwa don saiwar ta shaƙe, a kwashe zuwa tudu. An aika wa ƙauyuka biyu na ƙetaren kogi takardar gayyata zuwa zama na gaba, ranar Asabar 23 ga wata, kan tsayin da kowane ɓangare zai kai jingarsa.